Amyar da Habila Ya Kai Majami'a

An yi wani mutum a wani ƙauye na gindin dutse, tun zamanin da ake rufa majami'a da ciyawa. Sunansa Habila. Wannan bawan Allah ba shi da gona, ko ta shuka kuɓewa. Sana'arsa zuma. Ya yanko ciyawa ya saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau ɗorawa ya ɗaure, ya sauko abinsa. Ƙudan zuma su zo su cika ta. Shekara ashirin ana haka, har mutane na cewa Habila yana da hannu.

To, ku saurara. Garin suna da al'ada irin tamu. Ranar godiyar kaka kowa zai ɗauko abin da Ubangiji ya ba shi, ya tako da waƙa har gaban jama'a. Mai dawa da daminsa, mai gyaɗa da kwandonta, Habila da tulun zuma. Wanda ya zo hannu wofi kuwa, kun san bakin mutanenmu, sai wata kakar za a sauke shi.

Wata shekara ya ɗaura amyoyinsa yadda ya saba. Ya jira, ya jira, shiru. Ya hau ya leƙa, tururuwa ya tarar da yanar gizo. Ko ɗaya ƙudan zuma ba su shiga ba.

Ana gobe godiya, matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, ka zauna a gida. In an tambaya in ce zazzaɓi ne."

Ya ce, "Rifkatu, ƙarya a ranar godiya?"

"To bari ƙanena ya ba mu dami ɗaya, mu rufa asiri."

"In gode da abin da aka ba wani?"

Hawaye suka zubo mata. Tausayinta nake ji, 'yan'uwa, don kunya ba ƙaramin kaya ba ce.

Da safe Habila ya hau ɗorawa ya kwance amya guda, ya aza a ka, ya shiga layin masu waƙa. Da ya dire ta, ta yi ƙwaram, kowa ya ji ba komai ciki. Dariya ta ɓarke. Rifkatu ta ja gyale ta rufe fuska.

Dattijon ikkilisiya, Baba Istifanus, ya ɗaga hannu, mai ganga ya tsaya. Ya ce, "Ɗana, mene ne wannan? Ina so in gane."

Habila ya ce, "Baba, shekara ashirin ana cewa ina da hannu, ni kuma ban taɓa musawa ba. Bana hannun nan dai ne, ciyawar ce, turaren ne, itacen ne. Ga abin da hannuna ya iya, ku duba. Ashe duk zumar da na taɓa kawowa, zuba mini ake yi. Da nakan zo da tulu, ina jin daɗin a gan ni. Yau na zo in gode wa mai zubawar, godiyar shekara ashirin."

Can wani manomi, mai damin da ya fi na kowa, ya ce a hankali, "Ni ma huɗa kawai na yi. Ban yi ruwan sama ba."

Na ga wasunku na jira in ce ƙudan zuma suka shigo ta taga. Mama, ke da ke murmushi a baya, ba su shigo ba! Habila da Rifkatu sun sha wuya a shekarar. Amma ranar nan sun fito daga majami'a kansu a ɗage, ba wanda ya ƙara yi musu dariya.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Godiya a kan tulu cike, kowa ya iya. Mai godiyar gaske shi ne wanda ya gane cewa alherin Allah kyauta ne, ba ladan gwanintarsa ba. Ubangijin da ya ba mu Ɗansa ba mu roƙa ba, shi ne ke ba mu numfashi, da 'ya'ya, da tuwon yau. Kai da ka ce bana ba ka da abin godiya, bara fa? Shekarun da ka ci ka ƙoshi ka ce ƙoƙarinka ne, ka gode a kansu? In ba ka gode ba, ɗan'uwa, ranar ba ta wuce ba. Tashi ka gode.