Gawayin Barmo a Buhun Sallau

Akwai wani mai ƙona gawayi a Dogarawa, sunansa Barmo. Gwani ne, amma idonsa kullum yana kan ramin gawayin maƙwabcinsa Sallau. In hayaƙin Sallau ya fi nasa tashi, ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

A 1997 Malam Mumuni, ɗan garin da ya karanci kimiyya a waje, ya zo gida. Ya ce sabon batir mai caji na litiyom, ɓangare ɗaya na cikinsa dangin gawayi ne, shi ke riƙe wuta. Yana neman gawayin da ya fi riƙewa, mai shi kuma zai zama abokin aikinsa.

Sallau ya kawo na kirya, manya-manya, sai ƙyalli. Barmo ya kawo na ƙodagon goruba, ƙanana, ba kyan gani. Aka rubuta sunan kowa a buhunsa.

Barmo ya leƙa buhun Sallau, hassada ta turnuƙe shi. Da aka tafi sallar azahar, ya musanya gawayin, ya ɗinke bakin buhunan, yana ta murna ya yi wayo.

Bayan wata huɗu Mumuni ya dawo daga gwaji, ya tara mutane.

"Sallau, naka ya yi zarra," in ji shi, ya zazzage ragowar a tabarma.

Sallau ya ɗauki ɗaya ya murza. "Malam, wanga ba nawa ba na. Ƙodago na. Duk Dogarawa Barmo kaɗai ka ƙona shi."

Barmo ya yi zumbur. "Nawa na! Wallahi nawa na!"

"To mi ya kai shi buhun Sallau?" in ji Mumuni.

Barmo ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya faɗi gaskiya.

Mumuni ya girgiza kai. "Wata huɗu ina awo bisa sunan ƙarya. Hannun da ya musanya buhu zai musanya sakamako. Sallau, da kai za mu yi aiki. Ƙodago ba ya ƙarewa a daji, ƙonawa kuwa sai ka koya."

Barmo ya koma gida yana cizon yatsa. Shi ya ci gasar, kuma da hannunsa ya ɗinke nasarar a buhun wani.

Darasi: Mai hassada ba ya ganin abin da Allah ya ba shi, sai ya gan shi a hannun wani. Ka riƙe naka da daraja. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.