Kurege Mai Hula Huɗu

Ga ta nan, ga ta nanku, ta biyo inuwa ta zo.

Ta zo mu ji ta, ga wuri mun share mata.

Ranar Laraba ce, da hantsi, kwana uku bayan an gama cirar gyaɗa, Kurege ya iso gindin tsamiya shi kaɗai, yana tafe yana waige.

A gindin tsamiyar nan tsoho Kunkuru yake da wata tabarma. Shekara-shekara, in kaka ta yi, yakan shimfiɗa ta, abokai huɗu su zauna su rufe ido, shi kuma ya riƙa ba da labari a hankali. Abin da ya faɗa shi suke gani. In ya ce ga kogi, sai su ji sanyin ruwa a ƙafa. In ya ce ga dawa, sai su ji ƙanshin ciyawa. Sai sun ratsa ƙasar labarin nan har ƙarshe sannan a buɗe ƙwaryar da ke gefensa, cike da soyayyiyar gyaɗa da aka juya cikin zuma. Wanda ya buɗe ido kafin a kai ƙarshe ya fita wasa, ba shi da rabo.

Wasan yana da hula huɗu, kowace da sana'arta. Hular fito ta Kwaɗo ce, shi ke haye da su ruwa. Hular ƙira ta Damo ce. Hular farauta ta Bushiya ce, tunda da kibiyoyinta aka haife ta. Hular kiɗa kuwa ta Kurege ce, don ubansa ma ita ya sa. Kowa yana da 'ya'yan tsamiya takwas a cikin hularsa, an goge gefe ɗaya na kowanne ya yi fari. In aikinka ya taso sai ka watsa su. Farare uku suka fito, aiki ya yi. Kuma mai fito ba ya taɓa guduma, maƙeri ba ya taɓa kalangu. In aka zo rabon gyaɗa, hula ake dubawa: kowace hula kashi ɗaya.

To, wannan magana ta ƙarshe ita ta hana Kurege sukuni shekara guda.

Ya durƙusa ya ce, "Barka da hantsi, Baba."

Kunkuru ya ce, "Barka kadai, ɗan nan. Ka yi sammako. Ai sai azahar ake zama."

"Damuwa ce ta kawo ni, Baba. Ba don kaina ba. Don Bushiya."

"Me ya sami Bushiya?"

"Bara na ji ta a bayan rumbu tana waƙa, tana yi tana hawaye. Baiwar Allah tana son kiɗa, an ɗaure ta da farauta don kawai bayanta da ƙaya. Wannan adalci ne? Ni a ganina kowa ya raba 'ya'yan tsamiyarsa yadda ransa ke so."

Kunkuru ya janye kai cikin ƙoƙonsa, ya daɗe yana tunani. Da ya fito ya ce, "Maganarka da gaskiya a ciki. Daga yau kowa ya zuba nasa inda ya ga dama. Amma takwas dai takwas ne."

"To, bari in gwada mata hanyar tukuna, kada ta wahala."

Sai Kurege ya jera hulunan nan huɗu da ke ajiye wurin Kunkuru, ya juye abin da ke cikinsu gefe, ya ɗauki nasa takwas, ya sa biyu a wannan, biyu a wannan, biyu a wannan, biyu a waccan. Ya ɗora su duka a kansa, wata kan wata, har ya fi Kunkuru tsawo. A ransa yana cewa: hula huɗu, kashi huɗu, baki ɗaya.

Kunkuru ya ce, "Ka ƙidaya da kyau, ɗan nan?"

"Na ƙidaya, Baba."

"Ka sake ƙidayawa."

"Biyu sau huɗu takwas. Fara labari kafin mutane su taru."

Ya zauna, ya rufe ido.

Sai ga shi a wata ƙasa mai shiru. Sama shuɗiya ce kamar zanen da aka tsamo daga marina, har tana ɗiga kaɗan-kaɗan. Zangarniyar gero tana kaɗawa tana ƙara siririya kamar warwaro a hannun mai daka. Balbelu suna tafiya a iska da ƙafa, ba su damu da fiffike ba. Kurege ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har ya iso bakin wani kogi mai launin nono, da ɗan kwale-kwale yana barci a gaɓa.

Ya cire hular fito, ya watsa 'ya'yan tsamiya biyu. Duka suka fito farare. Ya yi tsalle.

Sai muryar Kunkuru ta sauko daga sama, a hankali. "Biyu ne, ɗan nan. Biyu ba uku ba ne."

Kwale-kwale ya tafi, ya tafi, ya wuce tsakiya, ana hango gaɓa sai ya tsaya ya koma barci. Kurege ya tura, ya ƙi. Ya lallashe shi, ya ƙi. Sai ya gyara hular ƙira, ya leƙa ruwa ya ce, "Kai kogi, ka san ni? Ni ne sarkin maƙera. In ba ka kai ni gaɓa ba zan kawo zuga-zugi in hura wuta a ƙarƙashinka, in dafa ka da kifinka, in kira gari a sha romo."

Kogin tsoho ne, ba ya son tashin hankali. Ya ɗaga baya ɗaya, ya ajiye Kurege a kan yashi.

Kurege ya dubi sama ya ce, "Baba, wannan ya halatta?"

"Ƙarya ba sana'a ba ce, ba ta da hula. Wuce."

Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har ya iso wata ƙofar ƙarfe a tsakiyar fili. Ba bango a damanta, ba bango a hagunta, amma duk inda ya kewaya sai ya tarar da ita a gabansa. Ya cire hular ƙira, ya watsa. Farare biyu.

"Biyu ne, ɗan nan. Biyu ba uku ba ne."

Ya ƙera mabuɗi. Mabuɗi ya juya sau ɗaya, ya juya sau biyu, ya cije. Ƙofa ta ɗan buɗe, iyakar yadda wuƙa za ta shiga. Kurege ya shanye ciki, ya kutsa, ƙarfe ya karce shi dama da hagu. Farin zanen nan da kuke gani a gefen kurege, a nan ya samo shi.

Bayan ƙofa akwai wata babbar kuka. A gindinta ga ƙwarya, ƙanshin zuma yana tashi daga cikinta har ana ganinsa, rawaya-rawaya. A gaban ƙwarya kuwa ga wata kura kwance. Jikinta duk hayaƙi ne, idonta uku.

Kurege ya cire hular farauta. Farare biyu. Kibiya ta tashi, ta tafi, ta kusa, sai ta yi hamma ta kwanta a ciyawa.

Ya cire hular kiɗa. Farare biyu. Ya ɗauki kalangu ya buga, ya buga. Idon kura na fari ya rufe. Na biyu ya rufe. Na uku ya juyo a hankali ya tsaya a kansa.

"Biyu ne, ɗan nan."

"Na ji, Baba, na ji."

Kafin kura ta gama miƙa, Kurege yana can ƙololuwar kuka. Daga nan ya leƙo ya ce, "Ke kura, ni ne sarkin maƙera. Ki tashi daga nan ko in kawo wuta."

Kura ta ce, "Ka gaishe ta in ka je. Uwata ce."

Sai ta naɗe gindin kuka, ta fara hawa sannu-sannu, yadda hayaƙi ke hawa. Kurege ya san in ya buɗe ido ya tsira. Amma ƙanshin zuma yana shafar hancinsa. Sai ya ƙara runtse ido, ya ƙanƙame reshe.

Da azahar ta yi, Kwaɗo da Damo da Bushiya suka iso gindin tsamiya. Suka tarar da Kurege zaune a tabarma, ido rufe, hula huɗu a ka, ya rungume wutsiyarsa.

Kwaɗo ya ce, "Baba, wannan ba hulata ba ce a ƙasan sauran?"

Kunkuru ya ba su labari daga farko har ƙarshe, bai rage ba, bai ƙara ba.

Damo ya ce, "Ni dai ƙira na iya. A bar mini takwas ɗina wuri ɗaya."

Kwaɗo ya ce, "Ni ma haka."

Kowa ya zare hularsa daga kan Kurege, ya zazzage 'ya'yan tsamiyar Kurege a tabarma, ya mai da nasa. Aka bar masa ta kiɗa. Bushiya ta daɗe tana juya nata a hannu, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Baba, da gaske kowa zai iya rabawa?"

"Da gaske, 'yar nan."

Ta sa biyar a hular farauta, ta riƙe uku a hannu. Suka rufe ido.

Kwaɗo ya watsa takwas, kwale-kwale ya haye kogi kamar ana jan zare. Damo ya watsa takwas, ƙofa ta buɗe har ta rusuna musu. Suka iso kuka, suka tarar kura ta kai rabin hawa. Bushiya ta watsa biyar, uku suka yi fari, kibiya ta tafi daidai, ta ratsa hayaƙi ta fita ta wancan gefe. Kura ko waiwaye ba ta yi ba.

Damo ya ce, "Wannan ba ta harbi ba ce. Sai kiɗa."

Bushiya ta ɗaga kai ta ce, "Yaya Kurege, jefo mini hular."

"Wace hula?"

"Wadda ke kanka. Ina da uku, kana da biyu a ciki."

"Ke ki jefo mini naki ukun mana."

"Zuwa can sama? Hannuna bai kai ba."

"To ki yi waƙar haka nan, ni in riƙe hular."

Muryar Kunkuru ta sauko. "Mai hula shi ke watsawa."

Kurege ya ce, "In na bayar, da wace hula zan karɓi rabo?"

Kwaɗo ya ce, "Ka tambayi wadda ke lasar wutsiyarka."

Kurege ya duba. Hayaƙi ya kai reshensa, ido na uku yana dab da shi, yana kallonsa kamar ana kallon tuwo ya huce. Ya cire hula, ya sumbace ta, ya sake ta.

Bushiya ta cafe, ta zuba nata uku a kan biyunsa, ta watsa. Ɗaya fari. Biyu farare. Na uku baƙi, na huɗu baƙi. Na biyar ya yi ta juyi a ƙasa, ya yi ta juyi, sannan ya kwanta da farin cikinsa sama.

Sai ta rataya kalangu ta fara waƙa. Waƙar da take yi a bayan rumbu ce, ta ruwan farko da ƙanshin ƙasa. Gero ya daina kaɗawa don ya ji. Balbelu suka zauna a iska. Idon kura na fari ya rufe, na biyu ya rufe, na uku ya yi ta lumshewa har ya rufe. Hayaƙi ya sulale ƙasa ya kwanta kamar raɓa. Damo ya taka a hankali ya taɓa ƙwarya.

Suka buɗe ido a gindin tsamiya. Kunkuru ya buɗe ƙwarya, ya duba kawuna.

"Kwaɗo, hula ɗaya, kashi ɗaya. Damo, hula ɗaya, kashi ɗaya. Bushiya, hula biyu, kashi biyu."

Kurege ya shafa kansa, ya ji ba komai sai kunne. Ya ce, "Bushiya, ƙanwata, ai ni na yi miki magana wurin Baba."

Ta ce, "Na gode, Yaya. Allah ya saka." Ta ci gaba da tauna.

Kurege ya yi ta dube-dube. Can sai idonsa ya faɗa kan 'ya'yan tsamiyarsa shida da aka zazzage a tabarma. Ya tattara su ya ce, "Baba, wa ke wanke ƙwarya bayan an gama?"

"Ni."

"Da tsufanka? Ai wannan sana'a ce mai zaman kanta. Ga shida na zuba a cikinta."

"Ina hularta?"

Kurege ya ɗauki ƙwaryar da aka juye, ya kife ta a kansa. Zuma ta gangaro masa ta goshi. Kunkuru ya janye kai ya yi tunani, ya fito ya ce, "Watsa."

Ya watsa. Duka shida suka fito farare.

Ƙurunƙus kan mai hular ƙwarya. In kuna neman darasi, ga shi: duk wanda zai cuci abokan wasansa, ya fara koyon ƙidaya har zuwa uku.

Bushiya ta tafi gida da hula biyu. Kurege ya lashe ƙwarya har la'asar, ya sami gyaɗa ɗaya manne a gindinta.