Ma'ajin Rumbun Magani a Bakin Gadon Hansatu

An ce wai a wani gari na bakin kogi, mutane sun haɗa kai sun kafa rumbun magani. Duk kaka kowane gida ya kai mudun hatsinsa, a sayar a sayo magunguna, wanda ciwo ya kama ya je ya karɓa kyauta. Suka damƙa rumbun ga wani mutum mai suna Barmo, wanda ko tsinke bai taɓa ɓata a hannunsa ba.

Barmo ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Da idonsa ya ga shekarar da kowa ya nace sai magani mai tsada, rumbu ya ƙare tun kafin damina, zazzaɓi ya yi ta ɗaukar yara. Tun daga nan aka kafa doka: ba a ba kowa mai tsada sai ya sha mai araha wata guda, an tabbatar bai yi masa ba.

Ana nan sai wani tsohon masaƙi, Malam Tanimu, ya dawo gida da matarsa bayan sun daɗe a wata ƙasa, ya kai mudunsa kamar kowa. Matarsa Hansatu na fama da fuka, ciwon nan mai toshe numfashi. Ya roƙi kwalbar magani mai tsada da fatake ke kawowa daga Gabas, Barmo ya miƙa masa sassaƙe mai araha.

Tsoho ya ce, "Shekara da shekaru tana shan wannan, bai taɓa yi mata ba. Ba za ta kai wata guda ba."

Barmo ya ce, "Baba, a can ta sha, ba a gabanmu ba. In na karɓi maganarka yau, gobe kowa ya zo da tasa."

Suka tafi gaban Alƙali Mudi. Ya saurare su, sannan ya ce, "Tanimu, kana tsoron rasa mutum ɗaya, kana da gaskiya. Barmo, kana tsoron rasa gari, kai ma kana da gaskiya. Doka na nan, Hansatu za ta sha sassaƙe. Amma tunda ka ce sai a gabanka, to a gabanka za a yi. Ka ɗauki kwalbar nan a hannunka, ka zauna a bakin gadonta. Duk lokacin da ka gamsu sassaƙe ya kasa, ka ba ta. Ba mai matsa maka."

Barmo ya tafi yana ganin ya yi nasara. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka ba tsohuwa sassaƙe. Hantsi na ɗagawa numfashinta ya soma shaƙewa, ƙirjinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tanimu yana yi mata fifita, bai ko dubi kwalbar ba. Barmo ya rasa inda zai sa idonsa.

Can sai Hansatu ta yafito mijinta, ta ce a guntu-guntu, "Malam... baƙonmu... tun safe... ba a ba shi ko ruwa ba."

Kunya da tausayi suka rufe Barmo. Ya cire murfin kwalbar, ya tallafi kanta ya ba ta, yana cewa, "Sha, Inna, ki yafe mini." Bai tashi ba sai da ya ji numfashinta ya daidaita.

Ya koma wurin alƙali ya ce, "Allah gafarta Malam, na karya doka."

Alƙali ya ce, "Cika ta ka yi. Abin da take so a sani cikin wata guda, kai ka san shi kafin azahar. Daga yau, duk wanda za ka hana, ka fara zuwa ka gan shi."

Haka Barmo ya riƙa yi. Da yawa ya tarar mai araha ya ishe su, ya hana su mai tsada da kwanciyar rai. Rumbu bai ƙare ba, Hansatu kuma ta ga jikokinta.

Wanda aka ba amanar magani, kada ya ce babu sai ya ji numfashin mai nema da kunnensa.