Yatsan Katako

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro sai na kora da ruwa. Maganar 'yata ce.

Wata huɗu da suka wuce ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Jini ya ƙi tsayawa, likitoci suka ce in ana son ranta sai an cire mahaifa. Aka cire. Haihuwarta ta fari ke nan, kuma ita ce ta ƙarshe.

Jiki ya warke. Mijinta, Allah Ya saka masa, bai canja mata fuska ba ko sau ɗaya. Har na fara sakin jiki.

Sai ranar nan na je ɗakinta, la'asar ta yi, na ce ta ba ni sallaya. Ta nuna mini saman kabad da haɓa. Na sauko da ita, na ga ƙura ta ja layi a kan ninkin. Na ce, ke, yaushe rabonki da wannan?

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Mama, ni yanzu ragowar mutum ce. In na tsaya gaban Allah sai in ji kamar na kawo Masa kwano ba komai a ciki."

Na shimfiɗa ta. Na yi sallata, na ninke, na dawo gida. Tun ranar wani labari yake yi mini yawo a kai. Bari in ba ku shi, ku da kuke bin shafin nan, in na gama ina da tambaya.

Akwai wani kafinta da ake yi wa laƙabi da Goma. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa. In ya gama kujera ko kabad, sai ya ja baya, ya bubbuga ta da yatsa, ya ce, "Goma cif." Ba tara da rabi ba.

Kuma gaskiya ya iya aiki. Katakon da yake da kulli ko tsaga komai ƙanƙanta, jefar da shi yake yi bayan shago. Ƙusa in ta shiga a karkace sai ya zare ta. Matarsa takan ce, da Allah Ya ba shi iko, da ita ma ya saka ta a injinsa ya daidaita mata hanci.

Matsalar ita ce, yadda yake auna katako haka yake auna mutane.

A layin shagunansu akwai ƙaramin masallaci inda masu sana'a suke haɗuwa azahar da la'asar. Cikinsu akwai wani tsoho mai gyaran takalma, wanda sanyin ƙashi ya lanƙwasa wa yatsu. In aka zauna tahiya kowa ya ɗaga yatsansa na dama, nasa sai ya tashi a lanƙwashe, kansa yana kallon ƙasa.

Wata rana da aka sallame, Goma ya juyo, ya ce da shi a gaban jama'a, "Baba, wannan shahada ce ko ƙugiyar rataye nama? Miƙe shi mana. Sama ake nunawa."

Wasu suka yi dariya. Tsohon ya dubi hannunsa, ya ce, "To, Malam Goma, za a gyara." Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ba a yi shekara ba. Da hantsi, Goma yana tura dogon katako a injin yanka, wani ya ƙwala masa kira daga bakin titi, ya waiga. Waigen nan ke nan. Injin ya ɗauke masa yatsan dama, wanda ake nuni da shi, tun daga gindi. Aka tono shi a cikin garin katako, aka naɗe a tsumma, aka ruga asibiti. Suka ce ba ya haɗuwa.

Da ya dawo shago da bandeji, mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya zo jaje, ya so ya sa shi dariya. Ya ce yanzu sai a koma kiransa Tara, ai dama an ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, shi kaɗai ne ya daɗe yana gardama. Kowa ya dara. Goma bai dara ba.

Aiki bai gagare shi ba. A hankali ya koyi riƙe guduma da sauran yatsun. Abin da ya gagare shi salla ce.

Ranar da ya fara komawa sahu, da aka zauna tahiya, ya saci kallon dama da hagu. Yatsu sun tashi reras kamar ƙusoshi a jikin katako. Ya dubi cinyarsa, ɗan dungu ne kawai a kwance. Sai ya ji kamar kowa ya amsa kira, shi kaɗai aka kira bai amsa ba.

Ya je wurin liman. Liman ya ce masa ɗaga yatsa ba farilla ba ne, shahada a zuciya take da harshe, kuma Allah ba Ya tambayar bawa abin da Shi da kanSa Ya karɓe. Goma ya ce ya ji. Kunne ne ya ji.

Sai ya yi abin da kafinta kaɗai zai yi tunaninsa. Ya zaɓi katako mai kyau marar kulli, ya auna yatsansa na hagu, ya sassaƙa irinsa. Ya fitar da farce, ya ja layukan gaɓa, ya goge ya yi sumul, ya haɗa fenti har ya zo daidai da launin fatarsa. Kwana shida yana yi.

Matarsa ta juya shi a tafin hannu, ta ce ya yi kyau ƙwarai. Sai ta ce, "Amma maigida, wa za ka nuna wa? In mutane ne, sun san babu. In kuma Allah ne..." Ya katse ta, ya ce ita dai ta nemo masa roba.

Ya ɗaura ya tafi azahar. Raka'a uku lafiya lau. A sujadar ƙarshe, da ya dafa ƙasa, robar ta zame. Yana tasowa zai zauna tahiya, yatsan ya sulɓe, ya faɗi a kan siminti inda tabarma ba ta kai ba. Ƙwas. Ya gangara ta gaban mutum biyar, ya je ya tsaya a jikin bango.

Ba wanda ya yi dariya da murya. Amma ya ga kafaɗu suna rawa.

Liman na sallamewa Goma ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita. Bai ɗauki yatsan ba.

Daga ranar bai sake taka masallacin ba. Da farko yana salla a bayan shago. Daga nan ya koma sai ya je gida ya rufe ƙofa. Daga baya matarsa ta lura tana cika masa buta da safe, ta tarar da ita da yamma yadda ta bar ta.

Ta yi magana, ya ce ta bar shi. Ta yi kuka, ya ce shi bai bar Allah ba, kunya yake ji. Ya ce shi da bai taɓa miƙa wa mutum kujera mai ƙafa uku ba, yaya zai miƙa wa Ubangiji salla guntuwa.

Ya rame. Hannun kullum yana cikin aljihu. Masu kawo aiki suka ragu, don mutumin da ba ya gaisawa da kowa, wa zai zauna a shagonsa? Wata bakwai ana haka.

Ran nan bayan la'asar, yana zaune shi kaɗai, sai ga tsohon nan mai gyaran takalma ya yi sallama. Ya zauna a kan wani benci da ba a gama ba, ya huta, don tafiya tana ba shi wuya. Sannan ya laluba aljihu ya fito da yatsan katakon. An ɗinka masa maɗauri na fata mai laushi, da ɗan maɓalli.

Ya ce ya tsinci kayansa tun ranar, ya jira ya zo nema, bai zo ba. Ya ce aikin katakon ba laifi, robar ce ba ta da kirki.

Goma ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, ramuwa ka zo yi?"

Tsohon ya ɗaga hannunsa ya ce, "Da me zan rama? Da ƙugiya?"

Goma ya kasa ɗago ido. Tsohon ya ce kafin ya ɗaura, ya ba shi hannun ya gani. Da ƙyar Goma ya zaro shi daga aljihu. Tsohon ya kife hannun a kan gwiwarsa, ya ɗora babban yatsansa a bayan hannun, ƙasa kaɗan da dungun.

Ya ce, "Faɗi kalmar shahada, ka ɗaga."

Goma ya ce, "Me zan ɗaga?"

"Kai dai ɗaga."

Ya faɗa a hankali, ya yi kamar zai ɗaga abin da babu. Sai wata jijiya a bayan hannun ta miƙe, ta ture babban yatsan tsohon.

Tsohon ya kamo hannun Goma na hagu, ya ɗora masa a wurin, ya ce ya sake. Ya sake. Jijiyar ta tashi a ƙarƙashin yatsunsa, tsaf, kamar igiyar da aka ja.

Tsohon ya ce, "Ni tsoho, da hannun da ya mutu rabi, na ji ya tashi. Wanda Ya shimfiɗa jijiyar ne za a ce bai gani ba?"

Sannan ya gaya masa abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce ranar da aka kira yatsansa ƙugiya, da ya je gida kuka ya yi. Matarsa, ita ma tsohuwa, ta shafa masa man zafi, ta ja, ta ja, har ya ce ta bari za ta karya. Ya yi kwana uku bai zo sahu ba. A na huɗu ya ce wa kansa, Wanda Ya lanƙwasa shi Ya san inda yake nunawa.

Ya ajiye yatsan katakon a kan benci, ya ce in yana so ya ɗaura, maɗaurin ba zai zame ba. Ya tafi.

Goma bai ɗaura ba. Bayan kwana biyu, da azahar, aka gan shi a sahu kusa da tsohon, hannunsa a buɗe a kan cinya.

Da a ce nan labarin ya ƙare, da na ji daɗi.

Goma ya so ya nemi gafara, amma bakinsa ya yi nauyi. Sai ya ce bari ya yi wa tsohon kujerar aiki mai jingina, don a kan gwangwani yake zama. In ya kai masa, sai ya faɗi maganar. Ya fara, ya ga kulli a ƙafa ɗaya, ya sake. Ya ga jinginar ta karkata kaɗan, ya ɓalle ta. Hali zanen dutse. Sati biyar yana gyara kujera ɗaya.

Tsohon ya rasu ana saura fenti.

Goma ya ɗauki kujerar haka nan, ba fenti, ya kai wa tsohuwar. Tun daga ranar, duk wanda ya kira shi Goma sai ya ce, "Tara dai." Kuma da sunan ya mutu.

Kafintan nan mahaifina ne. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, yana kwance a ciwonsa na ƙarshe, ya damƙa mini yatsan. Yana nan a ƙasan akwatina, cikin tsohon ɗankwali, fatar ta bushe.

Kwana goma sha ɗaya ina fito da shi ina mayarwa. Tsoro nake ji. Yatsa ba mahaifa ba ne. Kada in kai mata ta ce, Mama, ni na rasa 'ya'yana duka tun ba su zo ba, ke kina kawo mini katako. Shi Baba an sami jijiya an ɗora masa hannu. Ita a ina zan ɗora mata?

Abu ɗaya na gani. Ranar da nake ɗakin, jaririn maƙwabtansu ya tsala kuka ta bayan katanga. Kafin ta tuna, har ta miƙe tsaye. Sannan ta koma ta zauna, ta kau da kai. Ko ita ce jijiyar? Ni ban sani ba, karatuna bai kai nan ba.

Darasi: Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba, kuma da taran nan Allah Ya ce ka zo. Kada ka jira sai ka cika kafin ka tsaya gabanSa, kada ka auna ibadar wani da idonka, kuma in akwai wanda za ka nemi gafararsa, je ka tun kujerar ba ta da fenti. Ku tura wa duk wanda kuka san ya ninke sallayarsa don yana ganin an rage shi.

Ni kuma ku taimake ni, musamman iyaye mata. Jibi zan koma gidanta. In tafi da yatsan nan in ba ta labarin kakanta, ko in yi shiru, in shimfiɗa sallayar kusa da ita in yi tawa, in bar ta a shimfiɗe in taho?