Wuyan Hannun Raghad

Raghad 'yar Alhaji Abdulganiyyu ce, mai shagon kayan tsaraba a unguwar Kudai da ke Makka. A Makka aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta, domin kakanta ne ya zo aikin hajji daga Kano bai koma ba. Gidansu yana unguwar Ka'akiyya. Allah ya ba yarinyar nan tsawo da ƙarfin hannu da zafin nama, amma tana da hali guda da ya dame kowa a gidan. Ba ta jure a ce mata ta jira, kuma duk wanda bai kai inda take hange ba, ba ta ganin kansa da gashi.

Lokacin da aka fara bai wa 'yan mata damar wasanni a makarantu, sai Raghad ta ɗauki raket ɗin tanis. Ba a jima ba ta fi ƙarfin duk ƙawayenta. Malamarsu ta ba da shawara a kai ta wani kulob a Jidda inda ake horar da mata. Da farko Alhaji ya ƙi, amma matarsa Ummulkhairi ta yi ta lallashinsa har ya amince, bisa sharaɗin yayanta Sufyan ne zai riƙa kai ta yana dawo da ita.

Mai horar da 'yan mata a kulob ɗin wata 'yar Japan ce mai suna Haruyo Shimoda. Kabtin Haruyo ake ce mata. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, Larabcinta kuma a karye yake. Ta shafe ƙuruciyarta tana yawon ƙasashe tana buga ƙananan gasa. Ta ci wasu, ta sha kaye a da yawa, ba ta taɓa shiga sahun manyan da ake nunawa a talabijin ba. Sai dai ta daɗe a fili fiye da yawancin sa'o'inta, kuma ta bar wasa da ƙafafunta da hannayenta lafiya lau.

Ranar da ta fara ganin bugun Raghad, ta kira Sufyan gefe ta ce masa, "Ƙanwarka tana da abin da ni ban taɓa samu ba. Idan ta yi haƙuri, za ta je inda ban je ba."

Raghad ta ji rabin farko na maganar ta riƙe. Rabin na biyu kuwa ta bar shi a nan.

Kabtin Haruyo ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta. Ita ce ta gyara mata riƙon raket, ta koya mata tsayuwa, ta hana ta shan kayan zaƙi. Idan azumi ya zo, sai ta sauya mata tsarin atisaye don kada ta galabaita, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Raghad ta fara cin kofuna a Jidda da Riyad. Hotonta ya fara yawo a waya. Mahajjata 'yan Najeriya da ke shiga shagon Alhaji suka riƙa tambayarsa ko da gaske 'yarsa ce. Alhajin da ya ƙi a farko shi ne ya koma yana nuna musu hoton da kansa.

Ana cikin haka sai wuyan hannunta na dama ya fara ciwo. Kabtin ta lura da yadda take yamutsa fuska bayan kowane bugu, ta sa aka kai ta asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta fara tsagewa. Ya ce idan ta ajiye raket na 'yan watanni za ta warke sarai, idan kuma ta matsa mata, ba ya da tabbacin abin da zai biyo baya.

A daidai wannan lokacin ne aka gayyaci Raghad wata babbar gasa a Riyad, wadda 'yan wasa daga ƙasashen waje za su halarta. Ta je wurin Kabtin da murna, ita kuwa ta girgiza kai.

"Ba bana ba," in ji Kabtin. "Gasar nan za ta dawo baɗi. Hannu ba ya dawowa."

"Baɗi wata za a gayyata, ba ni ba."

"Idan kin warke, ni da kaina zan kai ki Japan ki yi atisaye da waɗanda suka fi ki. Na riga na yi magana da mutanena. Na ga 'yan mata da suka fi ni iya wasa nesa ba kusa ba, sun ƙi jira, yau ba wanda ya tuna sunansu."

Raghad ta dube ta sama da ƙasa. A gaban sauran 'yan matan ta ce, "Ke wa ya tuna sunanki? Kin gama rayuwarki kina jira, wane kofi kika ɗaga? Tsoro ne ya hana ki zama wani abu, shi ne kike so ki shafa mini."

Kabtin Haruyo ta sunkuya ta ci gaba da tsince ƙwallaye tana zubawa a kwando.

A hanyar komawa Makka Sufyan ya ce mata, "Wallahi kin yi abin kunya. Gobe ki kira ta ki ba ta haƙuri."

"Khalas, ya isa haka, ya Sufyan. Ka tuƙa mota kawai."

A gida ta yi wa iyayenta ƙarya. Ta ce likita ya duba ya ce ba komai. Ummulkhairi ta kama hannun ta ga kumburi, ta ce, "Ya binti, wannan hannun bai yi kama da mai lafiya ba." Raghad ta fizge, ta ce da Larabci Umma ba ta san komai a harkar wasa ba. Ta gargaɗi Sufyan cewa idan ya tona mata asiri ba ita ba shi har abada, shi kuma ya rufa mata asiri.

Ta samu wani mutum mai suna Muhannad, mai shirya wa 'yan wasa talla, wanda ya daɗe yana gaya mata cewa tsohuwar nan ce ke danne ta. Shi ya haɗa ta da wanda ya yi mata allurar kashe zafi. Ta tafi Riyad.

Wasan farko ta ci. Jama'a suka yi ta tafi, ta ɗaga raket sama, a ranta tana cewa ina ma Kabtin na nan ta gani. Washegari aka sake yi mata allura ta shiga wasa na biyu. Da yake ba ta jin zafi, ba abin da ya gargaɗe ta. Ta ɗaga hannu ta kai wa ƙwallo bugu da dukkan ƙarfinta, sai ta ji wani abu ya tsinke. Raket ya faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka, yatsunta suka ƙi rufewa.

An yi mata tiyata har sau biyu. A ƙarshe likita ya gaya wa Alhaji gaskiya, cewa za ta iya rubutu da cin abinci, amma wasa ya ƙare. A nan ne Alhaji ya ji labarin gargaɗin farko da aka ɓoye masa. Bai yi faɗa ba. Ya dubi Raghad, ya dubi Sufyan, ya ce, "Ashe ni kaɗai ne baƙo a gidana." Da ya koma shago ya cire hotonta daga bango. Muhannad kuwa tun ranar da raket ya faɗi bai ƙara ɗaga wayarta ba.

Tafiyar Japan ba a fasa ta ba, sai dai Haifa aka tura, wata yarinya da Raghad ta saba lallasawa ba tare da ta yi gumi ba. Raghad tana zaune a ɗaki a Ka'akiyya, hannu a ɗaure, tana ganin hotunanta a waya.

Wata ranar Asabar da hantsi Sufyan ya shigo da sauri ya ce, "Kabtin ce. Aikinta ya ƙare, za ta koma ƙasarsu. Ta ɗauko mota daga Jidda, tana nan a Shumaisi, wajen iyakar harami, tun da ba Musulma ba ce, ba ta da ikon shigowa. Ta ce ba abin da ta riƙe a ranta, so take kawai ta gan ki. Yalla, tashi mu je."

Ummulkhairi ta ɗauko mata abaya. "Tashi, 'yar nan. Matar da kika zaga ce ta tako har bakin garinku."

Raghad ta karɓi abayar ta riƙe. Zuciyarta tana so ta je. Amma da ta tuna za ta tsaya a gaban matar nan da mataccen hannu, ta ce mata ke ce da gaskiya, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Ka ce mata ina barci."

"Raghad, ki ji tsoron Allah."

"Na ce ka ce mata ina barci."

Sufyan ya tafi shi kaɗai. Ya tarar da Kabtin Haruyo tsaye a gefen titi cikin rana, ta ƙi zama a mota don kada su wuce ba su gan ta ba. Da ta ga shi kaɗai ne, ta leƙa kujerar baya, sannan ta gyaɗa kai. Ta ce ya gaya wa Raghad ta riƙa motsa yatsun a ruwan ɗumi kowace safiya, kada su sandare. Ta shiga mota ta juya.

Bayan wata guda Raghad ta nemi lambarta, ta tarar an rufe layin. Yau tana taya mahaifinta zama a shagon Kudai. Idan mahajjaci ya sayi darduma, da hannun hagu take miƙa masa, tana ba shi haƙuri. Wani lokaci a cikinsu akan samu mai cewa, "Kamar na san fuskar nan." Sai ta ce a'a, kama ce.

Ya kai mai karatu, baiwa kyauta ce daga Allah, amma ba ta tsayawa a hannun wanda ba ya iya jira. Kada ka auna nasihar mutum da yawan kofunan da ya ɗaga, domin sau da yawa wanda bai kai ƙololuwa ba shi ya fi sanin inda ake faɗuwa. Kada ka ɓoye wa iyayenka gaskiyar da za su iya cetonka da ita. Idan kuma ka riga ka yi kuskure, aka buɗe maka ƙofar neman gafara, ka tashi ka shiga tun tana buɗe. Gaggawa ce ta raba Raghad da hannunta, amma girman kai ne ya raba ta da mutumin da ya fi kowa son ta da alheri, kuma wannan rashin ba likitan da ke ɗinke shi.