Sandar Fatsar Mai Hannu Ɗaya

An yi wani mutum a zamanin da, wani bawan Allah, a wani gari da ke bakin kogi. Sunansa Barmo. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Sana'arsa ɗaya ce, yin sandar fatsa. Ku matso, 'yan'uwa, ku saurara, don labarin nan ba na masunta kaɗai ba ne.

Kada ku ɗauka sandar fatsa kara ne kawai ake karyowa a ɗaura masa zare. Barmo yana da kurmin gora a gefen kogi, mahaifinsa ne ya dasa. Sai rani ya yi, gora ta ƙosa, sannan yake sara. Ya jera ta a rufin zaurensa ta bushe a inuwa, wata ta shekara, wata ta fi. In ta bushe ya gasa gaɓoɓinta a kan garwashi ya miƙar da ita, ya kankare, ya shafe ta da man kaɗanya. Da wannan yake ci da matarsa Tabawa da 'ya'yansu.

A garin kuma akwai wani babban masunci, Jatau, mai kwalekwale, ƙaƙƙarfa. In ya jefa birgi, wato komar nan da ake watsawa a ruwa, sai mutane su tsaya kallo. Amma yana da zafin kai, kuma ya raina masu fatsa. Wata shekara ya so share wurin da zai riƙa bandar kifi, kusa da kurmin Barmo. Aka ce masa iska na kaɗawa, ya bari sai gobe. Bai ji ba, ya cinna wa ciyawa wuta. Wuta ta tsallaka ta cinye kurmin ƙurmus.

Barmo ya zo ya tsaya yana kallon toka. Jatau ko haƙuri bai ba shi ba. Abin da ya ce kawai, "Kara ne fa, zai sake tsirowa."

Barmo ya ce, "Allah ya sa." Ya juya gida.

Bai tsiro ba, jama'a, wutar ta ci har saiwa. Abin da ya rage wa Barmo sai 'yan gorar da ke rufin zaure, yana ciro ɗaya ɗaya yana lallaɓawa.

Ana nan, ana nan, ruwa ya cika wata damina, kwalekwalen Jatau ya kife da shi, ya danne masa hannun dama a jikin dutse. Aka yi ɗori, ƙashi ya kama, amma hannu ya shanye. Mutumin da ke jefa birgi ya zama ko mazagin wandonsa sai an ɗaure masa. Ya sayar da kwalekwale, aka ci. Ya sayar da koma, aka ci. Daga nan hayaƙi ya fara tsallake kwana a gidansa. Maƙwabta su aika da tuwo, ya mayar. Ya ce shi bai yi lalacewar da za a ciyar da shi ba. 'Ya'yansa na ramewa, shi kuma kullum yana bakin kogi a zaune yana kallon ruwa.

Barmo ya gan shi. Ya koma gida ya ce wa matarsa, "Tabawa, zo ki ɗaure mini hannun nan a baya."

Ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. So nake in san yadda mai hannu ɗaya zai yi fatsa."

Ta gane wanda yake nufi. Ta ce, "Mutumin da ya ƙona mana abinci?"

Ya ce, "'Ya'yansa ba su riƙe masa wutar ba. Ɗaure."

Ta ɗaure. Ku ji fa, dattijo da furfurarsa, ya fita bakin kogi hannu a ɗaure kamar wanda aka kama da sata. Mutane suka yi ta dariya, wasu suka ce baƙin cikin kurmi ne ya taɓa masa kai. Bai kula ba. A nan ya ga abin da mai hannu biyu ba zai taɓa gani ba. Ya ga sanda tana gajiyar da hannun hagu, sai ya je wurin baduku aka ɗinka masa ɗamara da kube irin na wuƙa, inda gindin sanda zai zauna a ƙugu. Ya ga ba a cire kifi daga ƙugiya da hannu ɗaya, sai ya goge 'yar ƙayar da ke bakin ƙugiyar, yadda in ka taka kifin da ƙafa za ta zame da kanta. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne sa tsutsa. Ya gwada da baki, ya gwada da yatsun ƙafa, ƙugiya ta yi ta sukarsa.

Wata rana bayan ruwan sama yana zaune, ya ga shinge, ƙwarin nan masu fiffike, na faɗawa kan ruwa, kifin kawara na tasowa yana cafkewa. Ya koma gida ya tsinci gashin zabo, ya naɗe shi da zare a jikin ƙugiya har ya yi kama da ƙwaro mai fiffike. Ya jefa. Kawara ta taso ta kama. Ga ƙugiyar da ba ta bukatar tsutsa.

To, yanzu saura babban aiki. Yaya za ka ba mutumin da ke mayar da tuwo?

Barmo ya same shi a bakin kogi, ya yi sallama, ya ajiye sanda. Jatau ya dube ta, ya dube shi, ya ce, "Ba'a ka zo yi mini?"

Barmo ya ce, "Taimako na zo nema. Na yi wata irin sanda, ban san aibinta ba. Garin nan babu wanda ya san inda kifi ke kwanciya kamarka. Ka gwada mini ita, ka gaya mini inda na kuskure."

Jatau ya sake duban sandar. Can ya ce, "Ajiye."

Ba a jima ba sai ga shi a ƙofar zauren Barmo, ya watsar da sandar gida biyu. Babban kifi ya kama, ta karye. Ya ce, "Ga aibinta nan. Ba ta da ƙarfi. Ka ɓata mini lokaci."

Wani a cikinmu da a nan zai ce ya isa. Barmo ya durƙusa ya ɗauki guntayen yana duba inda ta karye. Ya ce, "Gaskiyarka. Na rage mata nauyi har na rage mata ƙarfi. Ka ba ni kwanaki."

Gora ɗaya ce ta rage a rufin zaure, wadda ta fi duka ƙosawa. Tabawa ta ga ya sauko da ita, ta ce, "In wannan ta tafi, mu da me za mu ci?"

Ya ce, "Ina da hannu biyu. Zan yi ƙwadago a gonakin mutane."

Ya tsaga gorar sala-sala, ya zubar da laushin ciki, ya bar ɓawon mai ƙarfi. Ya fere kowane sala, kauri a gindi, siriri a kai. Ya haɗa su da danƙo, ya naɗe da zare gaɓa gaɓa, ya bi da kakin zuma don kada ruwa ya shiga. Sanda ta fito ba nauyi, tana lanƙwasa har ƙasa ba ta karye ba. Ya kai wa Jatau, shi kuma ya ɗauki fartanya ya tafi noman wasu.

Ranar wata kasuwa da la'asar, Barmo ya dawo daga gona jikinsa duk ƙasa, ya tarar da Jatau a zaurensa da ƙwarya cike da kawara. Jatau ya tura masa ƙwaryar, kansa a sunkuye. Ya ce, "Yau an ɗora tukunya a gidana da abin da na kamo." Ya ɗago kai. Ya ce, "An gaya mini ka yi yawo da hannu a ɗaure. Barmo, ni ne fa na ƙona maka kurmi."

Barmo ya ce, "Na sani, ai ina wurin. Na yafe tun ranar. Yanzu gaya mini, kuben nan yana gurje maka ƙugu?"

Jatau ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya ya yi kuka.

Kada ku zaci zan ce muku Barmo ya yi arziki. Bai yi ba. Daga baya sai ya yi tafiya mai nisa yake samo gora, ya rasu talaka kamar yadda ya rayu. Amma Jatau ya ciyar da gidansa da sandar nan har ya aurar da 'ya'yansa, bai miƙa wa kowa hannu ba.

'Yan'uwa, abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Bayarwa daban, taimako daban. Da yawanmu muna bayarwa yadda ya yi mana sauƙi, in aka mayar mana mu ce girman kai ne, mu wanke hannunmu. Bawan Allah nan sai da ya shiga halin ɗan'uwansa ya ji inda ke masa ciwo, sannan ya ba shi abin da zai tsaya da ƙafarsa, kuma ya bar masa mutuncinsa. Ya yi wa wanda ya cuce shi, ba wanda ya kyauta masa ba.

Kowannenmu ya san gida a unguwarsu da mai shi ya faɗi, kunya ta hana shi magana. Wataƙila ma akwai tsohuwar ɓatawa tsakaninku. In kun tashi daga nan, kada ku tsaya jiran ya zo ya roƙa, don ba zai zo ba. Ku je ku zauna kusa da shi, ku duba me zai iya yi da abin da ya rage masa. Allah ya ba mu zuciyar yin haka, ya rufa mana asiri duniya da lahira.