Famfon Lambu da Takardarsa

A wata ƙasa mai yawan fadama, akwai wani mutum mai babbar maƙera a cikin birni. Gwani ne a aikin ƙarfe, yana da ma'aikata goma sha biyu, masu lambu kuwa daga nesa suke zuwa sayen kaya a wurinsa.

A ƙasar kuma akwai wani tsohon maƙeri, ana ce da shi Baba Yunana. Shi ne ya ƙera wani famfon tuƙa-tuƙa mara nauyi, wanda ko tsohuwa za ta iya tuƙawa ta shayar da lambunta da rani. Da ya gama, sai ya zana kowane ƙarfe na cikin famfon a takarda, da tsawonsa da kaurinsa da yadda ake haɗa shi, ya riƙa ba kowa takardar kyauta. A ƙasanta ya rubuta sharaɗi guda: "Kowa ya ƙera, kowa ya sayar, kowa ya sāke yadda ya ga dama. Amma duk wanda ka sayar wa famfon, ka haɗa masa da takardar. In ka ƙara wata dabara, ka zana ta a ciki, shi ma ya samu yadda ka samu."

Mai maƙerar nan ya karɓi takardar, ya karanta sharaɗin, ya ce ya yarda. Ya yi wata uku yana jujjuya famfon, har ya gano cewa in aka sa roba a inda tsohon ya sa fata, aka kuma ƙara wa bututun faɗi kaɗan, ruwan zai ninka. Ran da ya gwada, ruwa ya yi tsiri ya jiƙa masa riga sharkaf, ma'aikata suka yi ta tafi.

Amma da murna ta lafa, sai ya ce a ransa, "In na zana wannan dabara, gobe kowane maƙeri zai yi irin nawa." Sai ya sa aka riƙa yi wa kan famfon walda, a rufe shi ruf, a buga sunansa a jiki. Takardar kuwa ya kulle ta a akwati. Famfonsa ya bazu ƙauye-ƙauye. Sau biyu Baba Yunana ya aiko yana tuna masa da sharaɗin, sau biyu ya ce zai duba, bai kuwa duba ba.

To, mai maƙerar yana da mahaifiya tsohuwa a wani ƙauye mai nisa, ya kuwa aika mata da famfo ɗaya. Da rani ya yi tsakiya, ya tashi ya je gaishe ta. Bai same ta a gida ba, sai ya bi ta fadama. Can ya hango ta, tana jan ruwa da guga, tana hutawa, tana dafe da ƙugu. Tumatir ɗinta ya yi yaushi, ganyen albasa ya kwanta. Famfon kuwa yana tsaye a bakin rijiya, sunansa na ƙyalli a jiki.

Ya sheƙa da gudu ya karɓi gugan. "Iya, me ya sami famfon?"

Ta ce, "Yau kwana tara ke nan ba ya kawo ko ɗigo. Ga Barnaba can, tambaye shi."

Barnaba shi ne maƙerin ƙauyen, tare suka tashi da mutumin tun suna yara. Ya ƙaraso, suka gaisa, sa'an nan ya ce, "Abokina, na san wani abu ne ya cinye a ciki. Amma ka rufe shi da walda, ban san inda zan yanka ba, in na yanka da ka sai in lalata shi ɗungum. Irin na Baba Yunana sau uku yana lalacewa a lambun maƙwabta, kafin rana ta take na gyara, don takardarsa tana hannunsu."

Tsohuwar ta share gumi da bakin zane, ta dubi ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, shi wanda ya ba ka, rufe maka ya yi?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Can sai ya zauna a ƙasa, ya ce a ba shi takarda. Ya zana cikin famfon duka, bai rage kome ba, ya nuna wa Barnaba inda zai yanka. Suka buɗe, suka tarar robar ce ta tsage. Barnaba ya yanko wata daga tsohuwar taya, suka ɗaura. Tsohuwar ta kama hannun famfon ta tuƙa sau ɗaya, sau biyu, a na uku ruwa ya ɓalle ya bi kwari-kwarin lambun. Ta rangaɗa guɗa, matan fadama suka amsa mata, ta saki famfon ta taka rawa a cikin laka. Ɗanta yana dariya, hawaye na zuba.

Daga nan bai zarce birni ba, sai gidan Baba Yunana. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi maka laifi. Na karɓa da sharaɗi, na karya sharaɗin." Ya miƙa masa zanen.

Tsohon ya kai takardar kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sai ya tuntsire da dariya. "Roba! Shekara ashirin ina fama da fata, roba ba ta taɓa zo mini a rai ba. Tashi, ɗana, na yafe. Amma ba ni ka hana ba. Je ka wurin waɗanda suka saya."

Mutumin ya koma maƙera, ya buɗe akwatin, ya zana dabararsa a cikin takardar, ya bar sharaɗin a ƙasa yadda yake. Ya daina walda, ya koma ɗaure kan famfo da noti. Ya bi ƙauyuka yana raba takardar, ana karɓarsa da fura da waƙa. Gaskiya ne, waɗansu maƙera suka fara yin irin nasa, waɗansu masu saye suka koma wurinsu. Amma maƙerarsa ba ta rufe ba. Kafin damina ma, wata mata daga bakin kogi ta aiko masa da takardar, ta zana wata 'yar raga da ke hana yashi shiga bututu, matsalar da ta daɗe tana gagararsa. Ya tara ma'aikatansa ya nuna musu, suka yini suna murna.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Famfon yana kama da manhajar da ke cikin wayoyinmu da kwamfutocinmu, takardar kuwa ita ce asalin rubutun da aka gina manhajar da shi. Akwai mutane masu kirki da suke rubuta manhaja su bayar kyauta, da sharaɗin cewa duk wanda ya ƙara mata wani abu ya sayar ko ya raba, sai ya ba masu karɓa rubutun, har da ƙarin da ya yi. Kamfanin da ya ɗauka, ya gina kayansa a kai, sa'an nan ya ɓoye, ya yi abin da mai maƙerar nan ya yi da farko. Sayarwa ba laifi ba ce. Laifin shi ne karya alkawari, wanda yake shan wahalar kuwa mai saye ne, wanda abu ya lalace a hannunsa ba shi da hanyar gyarawa. Ku matasanmu masu wannan sana'a, in kun ce kun yarda da sharaɗi, ku cika shi, ko da ba wanda zai kai ku ƙara.

Mu sauran kuma kada mu ce ba ruwanmu. Wani ya koya maka ɗinki, wata ta koya miki karatu, Ubangiji kuwa ya gafarta mana ba don mun cancanta ba. Ba a ba mu domin mu kulle a akwati ba. In kuwa ka riga ka kulle, kada tsoro ya hana ka komowa. Allah yana karɓar mai tuba da farin ciki, fiye da yadda tsohon nan ya karɓi mai maƙera. Ka tuna wanda ka hana abin da ya kamata ka ba shi, ka tashi a makon nan ka kai masa har ƙofar gida. Amin.